Akwatin Saƙon da Ya Tsaya a Birmingham

Assalamu alaikum. Salama da alheri su tabbata a gare ku duka.

Mai girma shugaban wannan taro, Dakta Nabil Halliru. Malam liman da ya buɗe mana zama da addu'a. Fasto Kambai da zai rufe mana shi. Iyayenmu maza da iyayenmu mata, waɗanda suka riga mu shan sanyin ƙasar nan. 'Yan'uwa da suka yi sammako daga Birmingham, musamman mutanen Erdington. Masu masaukinmu na Old Trafford da Cheetham Hill. Da matasanmu da ke can bayan zaure, waɗanda na san sai an taya wasunsu da fassara: ina gaishe ku gaba ɗaya, barkanku da wannan Asabar.

Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba ni wannan dama. Ina godiya ga matan da suka tsaya a kan tukwane tun safe. Ina kuma godiya ga matasa, domin su ne suka kai ƙara cewa kowace shekara jawabinmu ba ya wuce fansho da makarantun yara, suka ce a bana a yi maganar kiɗa. Kwamiti ya duba, ya ga na daɗe a aikin jarida, sai ya ce in zo in yi bayanin yadda labarin jarida ke zama waƙa. Na karɓa. Zan yi magana a kan waƙa guda ɗaya, kuma zan bi ta matakai uku: abin da jarida ta rubuta, abin da mawaƙi ya mayar da shi, da abin da mu muka faɗa. Daga ƙarshe ina da roƙo.

Waƙar tsohuwa ce, irin kiɗan jita da ganguna da Turawa ke kira rok. Wasu samari 'yan Erdington ne suka yi ta a ƙarshen shekarun 1970. Ƙungiyar kiɗan tasu ta watse tun da daɗewa, amma waƙar ta ƙi mutuwa. Kuna jin ta a gidajen rediyon tsofaffin waƙoƙi, kuna jin ta a shago, wasunku sun ji 'ya'yansu na yin amshinta a mota. In na mayar da amshin Hausa, cewa yake: ga mutumin Lahadi a kan benci, jiragen duniya na wucewa, nasa bai zo ba.

To, mataki na farko: jarida.

Wanda ya rubuta waƙar sunansa Terry. Yana nan da ransa, ya tsufa, kunnensa ɗaya ya daina aiki saboda ƙarar ganguna. Na same shi a gidansa, ya ba ni shayi, ya faɗa mini cewa a lokacin yana aiki ne a shagon soya kifi da dankali. A zamanin nan da tsohuwar jarida ake naɗe kifi. Aikinsa shi ne yanka jaridun gida-gida kafin masu saye su zo, don haka duk karatun jaridarsa rabi-rabi ne: ya ga kan labari bai ga ƙarshensa ba, ya ga ƙarshe bai ga kai ba. Wata rana wani shafi ya tsaya masa a hannu. A shafin akwai labarin masana'antar da za a rufe, akwai labarin agogon wata majami'a da ya tsaya aka rasa mai gyara, sannan can ƙasa, kusa da tallan katifa, akwai wani ɗan guntun labari. Ya ninke shafin ya sa a aljihu. Baiti uku na waƙar daga waɗannan labarai uku suka fito.

Na je babban ɗakin karatu na Birmingham, na nemi shafin a ma'ajiyar tsofaffin jaridu, na same shi. Guntun labarin bai kai tsawon tafin hannu ba. Ya ce ma'aikatan babbar tashar jirgin ƙasa sun lura da wani ɗan Afirka da ke zuwa kowace Lahadi da ƙaton akwati ɗaure da igiya, ya zauna a benci, ya kalli masu tafiya, da yamma ya ɗauki akwatinsa ya tafi. Ɗan sanda ya tambaye shi, ya kuma nemi ya buɗe akwatin. Aka tarar da ƙulle-ƙulle, kowanne da suna a jikinsa. Mutumin ya ce kayan ba nasa ba ne, riƙe su yake yi. Da aka ga babu laifi, aka ƙyale shi.

Shi ke nan labarin. Babu sunansa, babu ƙasarsa, babu wanda ya tambaye shi dalili. A aikinmu ana koya wa ɗan jarida tambayoyi: wa, me, ina, yaushe, don me. Wanda ya rubuta wannan ya amsa na tsakiya, ya bar na farko da na ƙarshe. Ba na zarginsa. Na san yadda ake cike gurbin da talla ta bari a ƙasan shafi. Na cike irinsa sau da yawa.

Mataki na biyu: waƙa.

Inda jarida ta bar rami, mawaƙi yakan cike shi da abin da ya sani. Terry yana da shekara ashirin da 'yan kai, budurwarsa ta bar shi ba da jimawa ba. Da ya karanta cewa wani mutum na zaune a tasha da kayan da ba nasa ba, abu ɗaya ya zo masa: kayan mace ne, ta tafi, yana jiran ta dawo ta ɗauka. Haka ya rubuta. A waƙar, mutumin yana riƙe da rigunanta da takalmanta, yana duba fuskar duk macen da ta sauko daga jirgi. Baiti ne mai kyau, kuma ƙasar nan ta yi shekara arba'in da wani abu tana tausaya wa wannan masoyi.

Amma ni da na karanta jaridar, ban ga mace ba. Na tabbata ku ma da kuka ji yanzu ba ku gan ta ba. Akwati ɗaure da igiya, ƙulle-ƙulle, kowanne da sunan mai shi, mai riƙewa yana cewa ba nasa ba ne. Akwai wanda ke cikin zauren nan da bai san wannan akwati ba? Akwatin saƙo ne. Mutum ne mai tafiya gida, jama'a suka ɗora masa amana. Bature ya duba ya ga soyayya, domin ita ya sani. Mu muna dubawa mu ga saƙo, domin shi muka sani.

Wannan ya kawo ni mataki na uku, wanda ya fi nauyi: abin da mu muka faɗa.

Iyayenmu da ke layin gaba, akwai wata magana da kuke yi idan kuna ba matafiyi saƙo. Kukan ce, "Kada dai ka yi mana irin ta Bara'u." Na ji ta tun zuwana ƙasar nan. Na ji ta a Manchester, na ji ta a Birmingham, na ji yaran da aka haifa a nan suna faɗarta da harshen Turanci, ba su ma san Bara'u sunan mutum ba ne.

Ga waɗanda ba su sani ba, Bara'u ɗalibi ne da ya zo Manchester karatun injiniya. Kowa Injiniya yake ce masa tun bai gama ba. A shekarar 1978 ya ce ya kammala, zai koma gida. Aka yi masa walimar ban kwana a Cheetham Hill, a gidan marigayi Malam Halliru, mahaifin shugaban taronmu. Musulmi suka zo, Kirista suka zo, domin a lokacin ba mu da yawan da za mu rabu gida biyu. Aka ci, aka yi addu'a, aka yafi juna. Sannan kowa ya kawo saƙonsa: wannan rigar sanyi ga tsohonsa, wannan agogo ga ƙaninsa, wannan littafin waƙoƙin coci ga mahaifiyarsa. Aka raka shi tasha, aka ɗaga masa hannu.

Saƙo ko ɗaya bai isa ba. Wasiƙa a lokacin sai ta yi makonni, don haka an daɗe kafin a gane. Da aka gane, aka yanke hukunci: ya isa gida ya ci amana. Ba wanda ya tambaya ko ya isa ɗin. Mun raka shi da ƙafafunmu, mun ga jirgi ya tashi da shi, a wurinmu magana ta ƙare.

Jama'a, mutumin waƙar da Bara'un maganarku mutum ɗaya ne. Kuma yana da rai. Yana wani gidan kula da tsofaffi a Erdington.

Ga yadda na sani. Na ba da labarin guntun jaridar nan a wajen wani bikin suna, a matsayin abin mamaki kawai. Bayan kwana biyu wata 'yar'uwarmu, Nanret, mutuniyar Filato da ke aikin jinya a wannan gida, ta kira ni. Ta ce suna da wani tsoho da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama bara. Hankalinsa ƙalau, amma ciwon ya tafi da Turancinsa, ya bar masa Hausa kaɗai. Ma'aikata suna ɗauka sambatu yake yi, har ranar da ta shiga ɗakinsa ta ji yana cewa a taimaka a rufe taga. Ta ce masa, "To, Baba." Kuma a ƙarƙashin gadonsa akwai akwati ɗaure da igiya, wanda ba ya yarda a taɓa.

Na je. Na yi sallama, ya amsa, ya tambaye ni mutanen gida kamar ya san su. Sai a zuwa na uku ya ba ni labarin, kuma abin da zan faɗa da izininsa ne.

Bai gama karatun ba. Ya faɗi jarrabawar ƙarshe, ya sake, ya sake faɗi, tallafin karatu ya ƙare. Bai gaya wa kowa ba, domin kowa na ce masa Injiniya, a nan da can gida. Ya ce a ransa zai koma, in ya isa ya san abin da zai faɗa. Tikitinsa na Landan ta Birmingham ya bi, a nan zai canja jirgi. Ya ce yana tsaye a dandali da akwati, sai ya hango garinsu a zuciyarsa: an fito tarya a tashar mota, an ɗauko makaɗa, mahaifinsa ya sa babbar riga, ana cewa ga Injiniya. Jirgin Landan ya zo, ya tsaya, ya tashi. Shi yana tsaye.

Na ce masa, "Baba, me ya hana ka komawa Manchester? Tafiyar ba ta da nisa."

Ya ce, "'Yata, an yi mini addu'a. An yafe mini, na yafe. Matan mutane sun yi girki. Da wace fuska zan ƙwanƙwasa ƙofa in ce na dawo?"

Ku duba wannan da kyau, domin Bature ba zai fahimce shi ba, mu kuwa mun fahimta sarai. A wurinmu wanda aka yi wa ban kwana ya tafi. Gaba kunya, baya kunya. Sai ya tsaya a tsakiya. Ya kama ɗaki, ya sami aikin wanke motocin bas, ya yi shi har ya yi ritaya. Bai yi aure ba. Masallacin da ya san ba Bahaushe a ciki shi yake zuwa. In ya ji Hausa a titi, sai ya tsallaka ɗaya gefen, ya rage tafiya don ya ɗan ƙara ji.

Zuwansa tasha ranar Lahadi kuwa, ba mace yake jira ba. Ya san ranar Lahadi mutanenmu suka fi tafiya Landan su hau jirgin sama. Niyyarsa ya ga wani mai tafiya gida ya miƙa masa akwatin, ko da shi bai isa ba, saƙo ya isa. Ya ce ya ga mutanenmu ba sau ɗaya ba. Duk lokacin da ya hango hula ko ɗankwali, sai ya sunkuyar da kai har su wuce. Bayan ɗan sanda ya buɗe akwatin, ya daina zuwa.

Na koma wurin Terry na faɗa masa. Ya ce ashe duk rayuwarsa yana rera waƙar matar da ba a taɓa haifa ba. Ya roƙa in kai shi. Na kai shi. Suka zauna, tsofaffi biyu, ɗaya ba ya ji sosai, ɗaya Turanci ya gudu masa, ni a tsakiya ina tafinta. Terry ya sa waƙar a waya. Baba Bara'u ya gane ta nan take, ya ce ai a garejin bas kullum sai an sa ta, har yakan bi kiɗan da ƙafa. Bai taɓa sanin da shi ake ba. Da na fassara masa baitin, ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ashe har mata aka ba ni? To ina take? Ki ce masa ya kawo ta, ɗakin da fili."

Terry ya koma sau biyu bayan nan, shi kaɗai, ba tafinta. Suna zama ne kawai. Ina so a rubuta wannan a tarihin ƙungiyarmu: baƙon farko da ya je gaishe da Bara'u don kansa, bayan shekaru arba'in da wani abu, Baturen da ya yi kuskuren labarinsa ne.

Ban zo in wanke kowa ba, ban kuma zo in ɗora wa kowa laifi ba. Aikina in faɗi abin da ya faru daidai. Kuma daidai ɗin ya haɗa da cewa rashin isar saƙon ya cuci mutane. Baba Bara'u ya buɗe mini akwatin. Komai na nan, ƙullin farko bai kwance ba. A ciki akwai hoton jariri a cikin firam, an naɗe shi da zane. Hajiya Zinatu, matar marigayi Malam Halliru, ita ta aika wa mahaifiyarta, don ta ga jikanta na fari. Tsohuwar ta rasu shekara biyu bayan haka ba ta ga fuskarsa ba. Jaririn nan shi ne ke shugabantar taronmu a yau. Na sanar da shi da Hajiya tun makon jiya, kuma da yardarsu nake faɗa. Wanda ya ce Hajiya ba ta da dalilin fushi, bai san abin da yake faɗa ba.

Na ba ta labarin a falonta. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ba ta ce za ta je ba, ba ta ce ba za ta je ba. Da na tashi tafiya, har na kai ƙofa, sai ta ce, "Ruƙayya, yana iya haɗiye tuwo?"

Yanzu ga roƙona.

Nanret ta sami aiki a wani gari, ƙarshen watan nan za ta tafi, kuma haƙƙinta ne ta tafi. Daga ranar, babu mutum ɗaya a ginin nan da zai gane abin da Baba Bara'u ke faɗa. Ma'aikatan mutanen kirki ne, suna wanke shi, suna ciyar da shi, likita na zuwa duba shi. Amma in ya ce ƙafarsa na ciwo, murmushi za su yi masa. In ya ce a juya shi gabas, za su gyara masa filo. In ya yi barkwanci, kuma yana da shi, ba mai dariya. In ranarsa ta zo, abin da zai faɗa na ƙarshe zai faɗe shi ne ga wanda ba ya ji, hukumar gari kuma ta yi abin da take yi wa wanda ba shi da kowa. Mutum ne da ya yi rayuwarsa yana guje wa harshenmu saboda kunya, yau kuma harshen nan shi kaɗai ya rage masa.

Ba kuɗi nake nema ba, kada ma'aji ya buɗe jaka. Ba kwamiti nake nema ba, domin na san yadda kwamitocinmu ke ƙarewa. Ƙafa nake nema, da baki. Mutanen Birmingham, bas ɗaya ce daga tsakiyar gari. Mutanen Manchester, kuna yin wannan tafiya don biki, kuna yin ta don ƙwallo. Matasa, Hausarku da kuke jin kunyarta ta ishe shi. In kun yi kuskure zai gyara muku, zai kuma ji daɗin gyarawa. Iyaye, ku da kuka san fuskarsa, ku ne ya fi tsoro, ku ne kuma ya fi so ya gani.

Sannan ina roƙon a ajiye maganar nan ta "irin ta Bara'u". Jarida ta hana shi suna, waƙa ta ba shi labarin da ba nasa ba, mu kuma muka riƙe sunan muka ɓata shi. A cikin ukun, mu kaɗai ne za mu iya gyara namu.

Da na gaya wa Baba Bara'u zan yi magana a wannan taro, ya ce in faɗi komai, har da jarrabawar, ya gaji da zama Injiniya. Abu ɗaya ya ce kada in manta: "Ki ce musu ban taɓa komai ba." Na faɗa muku. Sannan ya nuna akwatin, ya ce in ɗauka in kawo nan, in raba wa masu shi ko 'ya'yansu, shi ya huta.

Kun ga ban zo da akwati ba. Na ce masa ba zan ɗauka ba. Na san in akwatin ya bar ɗakin nan, kowa zai karɓi ƙullinsa a wannan zaure, a yi hawaye, a yi hotuna, a watse, shi kuma ya zauna da ƙarƙashin gado babu komai. Hannu da hannu aka ba shi kayan nan a Cheetham Hill. Hannu da hannu za a karɓa. Mai rigar sanyi ya je, mai agogo ya je, 'ya'yan mai littafin coci su je. Ranka ya daɗe shugaban taro, hotonka na can.

Ya yi fushi da ni kaɗan. Ya ce ai ba za su zo ba. Na ce ban sani ba, ni 'yar jarida ce, ba na ba da labarin abin da bai faru ba tukuna. Amma Nanret ta gaya mini cewa tun daga ranar, in Lahadi ta zo, yakan sa a sanya masa hula, a juya kujerarsa ta fuskanci ƙofa.

Allah Ya jiƙan waɗanda aka aika wa saƙon nan suka tafi ba su gani ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka aika, suka rasu da zargi a zuciya, Ya yafe musu, Ya yafe mana. Allah Ya ba Baba Bara'u sauƙi, Ya sa kada ya cika a cikin mutanen da ba sa jin sa. Allah Ya raya mana 'ya'yanmu a ƙasar nan, Ya ba su zuciyar da za su iya dawowa gida su ce sun faɗi, Ya ba mu zuciyar da za mu buɗe musu ƙofa. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya, na kusa da na nesa.

A gidan tsofaffin, ana buɗe ƙofar baƙi bayan azahar. Nanret na zaune kusa da ƙofar fita, za ta kwatanta wa mai so. Gobe Lahadi.

Na gode.